Koyon Girki a Gaban Iyaye da Koya wa Kai

 Shirin faɗakarwa na yau zai yi bayani ne a kan koyon girki, wato hanyar da mutum ke bi har ya iya sarrafa ɗanyen abinci ya mayar da shi abin da iyali za su ci su ƙoshi cikin lafiya. Hanyoyi biyu ne aka fi sani. Ko dai yaro ya tashi a gaban mahaifiyarsa ko kakarsa ko wata babba a gida, yana kallo kuma ana sa shi yana yi, ko kuwa ya girma bai sami wannan dama ba, sai daga baya ya koya wa kansa ta hanyar tambaya da littafi da bidiyon waya. Jigon bayanin guda ɗaya ne, kuma za a riƙa maimaita shi: babban abin da ake koya a girki shi ne gane alama, wato sanin halin da tukunya ke ciki ta ido da hanci da kunne da hannu, tare da sanin dalilin da ya sa ake yin kowane abu a lokacin da ake yin sa.

Kashi na farko, masu sauraro, shi ne koyo a gaban iyaye.

A gidan Bahaushe na gargajiya ba a ware wata rana da za a ce yau za a fara koya wa yarinya girki, domin koyon yakan shige ta ne a hankali tun tana wasan tuwon ƙasa da gwangwani a bayan ɗaki. Daga nan sai aike, a ba ta kuɗi ta sayo daddawa ko gishiri ko busasshiyar kuɓewa, idan ta kawo marar kyau a mayar da ita, kuma da wannan mayarwar take fara sanin cefane. Masaniyar halayyar al'umma Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ke haɗa matan kulle da kasuwa, su sayo musu kayan miya kuma su fita da abincin da suka dafa na sayarwa. Kafin ita Polly Hill ta yi irin wannan nazari a Batagarawa kusa da Katsina, inda ta bayyana yawan cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu. Abin da wannan ke nunawa shi ne cewa yarinyar da ke zaune kusa da murhu tana koyon ciyar da gida, tana kuma koyon sana'a, domin fura da ƙosai da waina da ƙuli-ƙuli sun daɗe suna rufa wa mata asiri.

Bayan aike sai ƙananan ayyuka, irin su tsince shinkafa da wake, da iza wuta, da jajjage, da wanke-wanke. Idan ƙarfinta ya kawo sai a sa ta surfe, wato daka hatsi da ɗan ruwa a turmi domin dusa ta saki, sannan bakace, wato kaɗa shi a faifai domin dusar ta fita, sannan tankaɗe, wato raba lallausan gari da tsaki ta amfani da rariya. Miya takan zo kafin tuwo. Tuƙin tuwon gida gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, saboda yana buƙatar ƙarfin damtse, kuma idan ya lalace gidan ne zai kwana da yunwa. Duk wanda ya dubi wannan jeri da kyau zai ga cewa tsari ne na koyarwa mai hikima, domin an ɗora kowane mataki a kan wanda ya gabace shi, kuma ba a damƙa wa mai koyo abin da asararsa ke da yawa sai bayan an ga hannunta a kan abin da asararsa kaɗan ce.

Yana da kyau a tsaya a kan tuwo, domin a cikinsa ne maganar alama da dalili ta fi fitowa fili. Uwa takan ce wa 'yarta ta dama gari kaɗan da ruwan sanyi kafin ta zuba a tafasasshen ruwa, abin da ake kira talge, a wasu wuraren kuma ruɗe, sannan ta bar shi ya nuna kafin ta fara zuba sauran garin tana tuƙawa da muciya. Dalilin yana cikin garin kansa. Garin dawa da na masara da na gero da na shinkafa cike suke da sitaci, wanda ƙananan ƙwayoyi ne da ke shan ruwa su kumbura su yi kauri idan zafi ya kai tsakanin digiri 60 da 80 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka zuba busasshen gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, na wajen zai dahu nan take ya lulluɓe na ciki, ruwa ya kasa shiga, sai a sami gudaji mai ɗanyen gari a tsakiya. Ruwan sanyi kuwa yana raba ƙwayoyin tun kafin zafi ya same su, saboda haka kowace ta dahu daidai. Idan kuma ba a bar talge ya nuna ba, ko ba a rufe tuwo ya sulala bayan tuƙi ba, sitacin bai gama dahuwa ba ke nan, shi ya sa tuwon yake ɗanɗanon gari kuma yake saurin saki. Gwanar girki tana gane talge ya nuna daga sauyin launinsa, da irin ƙarar da yake yi, da ƙamshin da ya maye gurbin warin ɗanyen gari. Wannan ita ce alamar. Ba a ganin ta a rubuce, sai an tsaya kusa da tukunya sau da yawa, kuma an sami wanda zai ce yanzu ne.

Haka abin yake a miya. Ana barin daddawa ta dahu sosai a ruwan miya kafin a kaɗa kuka, domin ƙarnin da take da shi ya koma ƙamshi, kuma ana barbaɗa kukar ne kaɗan-kaɗan ana burgawa da maburgi saboda dalilin da ya sa ake yin talge, wato gudun gudaji. Ana sa kanwa a miyar kuɓewa domin ta riƙe yauƙi da koren launi, ana kuma sa ta a wake domin ya yi saurin laushi, amma idan ta yi yawa sai ta ɓata ɗanɗano ta kuma lalata wasu sinadaran amfanin jiki da ake kira bitamin. Gwargwadon da ya dace yana hannun uwa, kuma daga hannunta yake wucewa zuwa hannun 'ya.

Sai dai wannan hanya tana da nata rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Iyaye da yawa sun san yadda ake yi amma ba sa faɗin dalili, idan yarinya ta tambaya sai a ce mata haka ake yi. Wasu kuma ba su da haƙurin ganin ɓarna, da zarar tuwo ya fara gudaji sai uwa ta karɓe muciya ta ƙarasa da kanta, ta bi yarinyar da faɗa. Yarinyar da aka saba karɓe wa muciya za ta iya shekara goma a madafa ba ta taɓa ceto tukunyar da ta fara lalacewa ba, alhali kuwa ceton tukunya shi ne rabin gwaninta. Faɗa mai yawa ma yakan sa yaro ya tsani aikin, ya riƙa ganin sa a matsayin horo.

Kashi na biyu gajere ne, kuma ya shafi abin da ya sauya.

Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 a Nijeriya, da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, yara mata da yawa sun shiga makaranta, kuma wannan alheri ne da ba a fatan komawa bayansa. Amma ya rage lokacin zama a madafa, domin yarinya tana boko da safe, tana Islamiyya da yamma, wata ma tana makarantar kwana mafi yawan shekara. Injin niƙa ya ɗauke daka, garin tuwo na leda ya ɗauke surfe da tankaɗe, taliyar 'yan yara da ta shigo ƙasar a ƙarshen shekarun 1980 ta sa ana iya kashe yunwa cikin 'yan mintoci. Gidan gandu mai kaka da gwaggo da matan baffa, inda yarinya ke da malamai biyar ko shida, yana komawa gidan haya na miji da mata da 'ya'yansu. Saboda haka idan aka ga amarya ta kama girki bayan kwanakin farko na aure ta kasa, kafin a zarge ta da lalaci ya kamata a tambaya ko an taɓa ba ta tukunya daga farko har ƙarshe.

Kashi na uku, masu sauraro, shi ne koya wa kai.

Masu bin wannan hanya suna da yawa: amaryar da aka ambata, da ɗalibin jami'a a Zariya ko Kano ko Yamai, da ɗan hidimar ƙasa da aka tura jihar da ba ya iya cin abincinta, da ɗan ci-rani, da marayan da bai tashi a gaban uwa ba. Babu abin kunya a cikin wannan, kuma kayan koyo sun wadata fiye da kowane zamani. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 tana da shirin girki mai suna Akushi da Rufi, gidajen rediyo da talabijin na jihohi suna da nasu, ga kuma ɗimbin bidiyo da Hausa a YouTube da Facebook da TikTok. Wannan hanya tana da fa'idoji na gaske. Ana faɗin awo, ana iya tsayar da bidiyo a koma baya sau goma ba tare da an yi wa mai koyo tsawa ba, kuma mutum yakan wuce abincin gidansu ya koyi na Barebari da na Yarbawa da na Larabawa. Mai koya wa kansa kuma yakan fi yawan tambayar dalili, tun da ba shi da wanda zai ce masa haka ake yi.

Abin da bidiyo ba ya iya bayarwa shi ne alama. Ba ya ɗauke da ƙamshi, ba ya nuna nauyin muciya a hannu, kuma ana yanke shi ne, ta yadda aikin sa'a biyu zai koma minti biyar, sai mai kallo ya zaci albasa tana soyuwa cikin ƙiftawar ido. Awon ma yana da matsala, domin mai bidiyo tana magana da kofi da giram, kasuwa kuwa tana awo da mudu da tiya da gwangwani, kuma mudun wannan gari ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Garin sabon hatsi da na wanda ya shekara a rumbu ba su shan ruwa iri ɗaya. Wutar itace da ta gawayi da ta risho da ta gas kowace da halinta.

Ƙullun waina ya isa misali. Bayan an jiƙa shinkafa an niƙa, akan sa yis ko ɗan tsohon ƙullu a ajiye shi ya tashi. Tashin nan aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke cin zaƙin da ke cikin ƙullun suna fitar da iska da tsami, iskar ce ke sa waina ta yi laushi da ƙofofi a ciki. Waɗannan halittu suna sauri a zafi, suna nawa a sanyi. Saboda haka ƙullun da zai tashi cikin 'yan sa'o'i a bazara, wajen watan Afrilu, zai iya kwana bai gama tashi ba a tsakiyar hunturu. Wadda ta riƙe adadin sa'o'in da aka faɗa a bidiyo kawai za ta sami waina mai tsami da yawa a bazara, ta sami mai tauri a hunturu, ta rasa inda laifin yake. Wadda ta san alama kuwa za ta duba ko ƙullun ya ƙaru a roba, ko kumfa ta fito a samansa, ko ƙamshin tsami mai daɗi ya fara tashi, sannan ta ɗora tanda. A nan ma, masu sauraro, maganar ɗaya ce: alama da dalili.

To yaya mai koya wa kansa zai sami alama? Hanyar da ta fi dacewa ita ce ya zaɓi abinci kaɗan da ake ci kullum, kamar tuwo da miya ɗaya da shinkafa da wake, ya riƙa maimaita su a ƙaramar tukunya domin asarar ta zama kaɗan idan an kuskure. Idan zai gyara, ya sauya abu ɗaya kawai a kowane karo, ko yawan ruwa ko ƙarfin wuta ko tsawon lokaci, domin wanda ya sauya abu uku tare ba zai san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba. Ya riƙa rubuta abin da ya gani. Mafi muhimmanci kuma, ya nemi babba wadda ta iya, ko maƙwabciya ko gwaggo ko surukuwa, ya kai mata abin da ya dafa ta ɗanɗana, ko ya roƙi ta bar shi ya tsaya kusa da ita ranar da take yi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma gwanar da ta ɗanɗana loma ɗaya za ta iya faɗin abin da bidiyo ashirin ba su faɗa ba.

Kashi na huɗu ya shafi 'ya'ya maza, kuma magana ce da wasu gidaje ba sa son ji. Ana ɗaukar madafa wurin mata, har yaron da ya cika zama a can akan yi masa gori. Amma a bakin titi maza ne ke yin tsire da balangu da kilishi, maza ne masu shayi da ke soya ƙwai da dafa taliya, kuma yawancin kukun manyan otal maza ne, babu wanda ya ce mutuncinsu ya zube. Ya tabbata a hadisi daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa hidimar gida. Magidancin da matarsa ta haihu ko ta kwanta ciwo, ya kasa dama wa yaransa kunu, an tauye shi tun yana ƙarami, kuma iyayensa ne suka tauye shi ba da niyya ba. Ya tabbata kuma daga Abu Huraira cewa Manzon Allah bai kasance mai kushe abinci ba, kuma wannan ladabi ne da mai koyo ke matuƙar buƙata daga uba da miji da yayye, domin kushe a gaban jama'a yakan kashe zuciyar mai koyo fiye da yadda ƙonewar tukunya ke yi.

Kashi na biyar, wanda shi ne na ƙarshe, ya ƙunshi abin da kowane mai koyo ya wajaba ya sani, ko a gaban uwa ya koya ko a waya, domin ba duk abin da aka gada ne ya dace a ci gaba da shi ba, kuma ba duk abin da aka gani a bidiyo ne ke da aminci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna rasuwa, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi shan wahala. Shawarar hukumar ita ce a wanke hannu da sabulu, a raba ɗanyen nama da dafaffen abinci har ta fuskar wuƙa da faranti, a dafa abinci ya nuna sosai, kada a bar dafaffe ya wuce sa'a biyu a ajiye ba kan wuta ba kuma ba cikin firiji ba, sannan a yi amfani da ruwa mai tsabta. Ga gidan da ba shi da tsayayyar wutar lantarki, ma'anar wannan ita ce a dafa gwargwadon abin da za a cinye, idan kuma za a yi ɗumame a bar shi ya yi zafi har tsakiya yana tururi. A rufe abinci da hatsi daga ɓera, domin ta fitsarinsa da kashinsa ake kamuwa da zazzaɓin Lassa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita, domin tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe wannan guba.

Gishiri ma yana buƙatar gyara. Hukumar ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, saboda yawansa yana jawo hawan jini, kuma ɗanɗanon dunƙule da ake jefawa uku ko huɗu a tukunya mafi yawansa gishiri ne. Daddawar kalwa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya daɗi ba tare da wannan nauyi ba, kuma a nan tsofaffi sun fi 'yan zamani gaskiya.

Sai maganar wuta. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki, musamman a hunturu, domin yana fitar da iskar guba marar launi marar wari wadda ke kashe mutum yana barci. Idan an ji warin gas a kashe tukunyar gas ɗin, a buɗe ƙofa da taga, kada a kyasta ashana kuma kada a taɓa makunnin lantarki. Idan mai ya kama da wuta a kasko kada a watsa masa ruwa, a kashe wutar ƙasa a rufe kaskon da murfi. Wanda ya ƙone kuma a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba gishiri ba, idan ƙunar babba ce a garzaya asibiti.

Kiran shirin ga iyaye mata da kakanni shi ne su ware ko da girki ɗaya a mako, ranar da babu makaranta, su bar yaro, mace ko namiji, ya riƙe tukunya daga cefane har kwasa, su tsaya kusa suna faɗin alama da dalili, kuma kada su karɓe muciya idan gudaji ya fito, su nuna masa yadda ake murje shi. Ga matasa kuma, duk wanda ke da tsohuwa a gida da ta iya daddawa ko alkaki ko nakiya ko dambu, ya je ya zauna kusa da ita a wannan mako da takarda da alƙalami, ya tambaye ta, ya kuma sa hannu ya yi a gabanta.